Dawarmu da Kwalbarsu: Tambayoyi Biyu da Suka Haɗu a Kan Giya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

A cikin mako guda aka kawo mini tambayoyi biyu, kuma sai da na kwana a kansu sannan na gane cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ta farko wani ɗalibi ne ya yi ta bayan karatun Magariba. Ya miƙo mini wayarsa, na ga wani mutum zaune ya jera kofuna shida a gabansa. Yakan ɗaga ɗaya ya duba launinsa a haske, ya sansana, ya kurɓa, ya yi shiru kamar alƙali mai nazarin shari'a, sannan ya ba shi maki cikin goma. Wannan ta Jamus ce, waccan ta Beljiyam, ga ta Legas, ga kuma wata da ya ce a ƙaramar masana'anta aka dafa ta da hannu. Ɗalibin ya ce: "Malam, ni dai kallo kawai nake yi, ban taɓa sha ba. Akwai laifi?" Ta biyu kuwa wani dattijo ne manomi daga wajen Faskari. Dillali ya zo masa da tayin iri da taki, da alkawarin saye duk abin da ya noma a kan farashi mai kyau, amma ya ji ƙishin-ƙishin cewa dawar kamfanin giya za ta. Shi ma tambayarsa ke nan: akwai laifi?

Mutane da yawa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa za su ce maganar giya ba tamu ba ce. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma a yau akwai Hukumar Hisba a jihar. Ba a ganin mashaya da allo a bakin titi a garuruwanmu. Abin da ke hana mu barci shi ne 'yan bindiga, da gonakin da suka gagara nomawa, da 'yan'uwan da ke hannun masu garkuwa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai giya ta daɗe da daina jiran a buɗe mata mashaya. Ta shigo ta waya, ta shigo cikin leda da sunan magani, kuma wani ɓangare na hatsin da muke aunawa a Ɗandume da Sheme da Funtuwa yana ƙarewa ne a cikin tukunyarta.

Bari mu fara da ainihin abin, domin wanda bai san yadda ake yin abu ba yana da sauƙin ruɗuwa da sunansa. Giyar kwalba da burkutun ƙauye hanyarsu ɗaya ce. Ana jiƙa hatsi har ya yi tsiro, a shanya shi, a niƙa, a dafa da ruwa domin garin ya koma zaƙi, sannan a bar yis ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa. Mai burkutu tana yin haka da dawa a cikin randa da tukunya. Bature ya saba yi da sha'ir a cikin manyan tankunan ƙarfe, yana ƙara wani fure mai ɗaci domin ƙamshi da daɗewa. Bambancin da mai bidiyon nan yake ta aunawa, na launi da kumfa da ɗaci, bambanci ne na ado. Giyar kwalba ta yau da kullum barasarta takan kai kimanin kashi 5 cikin 100, baƙar Guinness ta Nijeriya kuwa kashi 7.5. Har akwai ƙananan kamfanoni irin su Bature, wanda ya fara a Abuja kafin ya buɗe a Legas, da ke dafa ta kaɗan-kaɗan suna sarrafa ta da kayan gida irin su zoɓo, domin mai saye ya ji cewa abin nasa ne.

Wannan tambaya ta hatsi ba sabuwa ba ce, an kai ta gaban Manzon Allah (SAW) tun yana raye. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wani mutum daga Jaishan ta ƙasar Yaman ya tambaye shi game da wani abin sha da suke yi da dawa, mai suna mizru. Annabi bai tambaye shi launinsa ko ɗanɗanonsa ba. Ya tambaye shi ko yana sa maye. Da ya amsa da e, sai ya sanar da shi cewa duk mai sa maye haramun ne. Abu Musa al-Ash'ari ma, da aka aike shi Yaman tare da Mu'azu ɗan Jabal, ya yi tambaya a kan abin shan zuma da na hatsi, amsar da ya samu ke nan. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai ambaton gubaira'u, wadda malamai suka bayyana cewa giyar dawa ce ta mutanen Habasha, kuma an hana ta. Sayyidina Umar ya hau mumbari ya lissafa abubuwa biyar da ake yin giya da su lokacin da haramcin ya sauka: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, sannan ya fassara giya da duk abin da ya lulluɓe hankali. Saboda haka mai cewa ayar Ma'ida ta 90 da ta 91 a kan ruwan inabi kaɗai suka sauka, burkutu kuwa abincin gargajiya ne, to mutumin Jaishan ya riga shi yin wannan tambaya, kuma an ba shi amsa. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid sun san cewa a mazhabarmu abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko da me aka yi shi. Kurɓin ɗanɗanawa yana ciki.

To mai kallo fa? Ba zan ce wa ɗalibina hukuncinsa ɗaya da na mashayi ba, domin wannan ƙari ne a kan shari'a, kuma ƙari a kan shari'a ba tsentseni ba ne. Bai sha ba, babu haddi a kansa. Amma akwai hadisin da Tirmizi da Ahmad suka ruwaito wanda ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a kan teburin da ake zagayawa da giya. Wanda aka hana zaman ba mashayi ba ne, mazauni ne kawai. Hikimar a fili take: ido idan ya saba da abu, zuciya takan daina ƙyamarsa. Waɗannan bidiyoyi aikinsu ke nan. Ba sa nuna maka wanda ya kwana a kwata, ko matar da ta sha duka, ko hantar da ta ƙone. Suna nuna maka mutum mai tsabta da natsuwa yana magana kamar masani, har ka ji cewa rashin sanin bambancin wannan kwalba da waccan wani gibi ne a wayewarka. Yaron da ya yi wata shida yana jin ana cewa wannan ta ci takwas, waccan ta ci huɗu, ranar da ya sauka Kaduna ko Abuja neman kuɗi ba zai tsaya a kan tambayar halal da haram ba, zai so ya ji ko da gaske ta ci takwas ɗin. Sannan duk kallo ɗaya kuɗi ne ga mai bidiyon, kuma na'urar takan ƙaro maka irin abin da ka tsaya a kansa. Abin da na ce masa shi ne ya goge, ya daina bin shafin, kada kuma ya tura wa kowa, ko da da sunan nuna abin mamaki.

Masu cewa ai kaɗan tana da amfani ga jiki, su ma likitocin da suke jingina da su sun janye. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji tun 1988, kuma a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na shan barasa da za a ce ba ya cutarwa. Ba don wannan muka bar ta ba. Mutanen Madina da suka kwarara tulunansu a kan hanya ranar da mai shela ya yi shela, kamar yadda Anas ɗan Malik ya ba da labari, ba su jira rahoton likita ba.

Abin da ya fi bidiyo kusa da mu shi ne leda. A tashoshin mota da bakin kasuwanni, a kan tiren mai sayar da sigari da alewa, akwai ƙananan ledoji da 'yan kwalaben roba masu hoton saiwa da ganye. Ana kiransu maganin basir, maganin ciwon baya, maganin sanyi, maganin ƙarfin maza. Da yawansu barasar da ke ciki ta kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, wato ninki shida ko fiye na giyar kwalba, kuma an rubuta hakan a jikinsu da ƙananan haruffan Turanci da mai saye ba ya karantawa. Na taɓa karɓar irin wannan leda daga hannun wani magidanci mai sallah a sahun farko, wanda ya rantse mini bai san giya ba ce, kuma na gaskata shi. Ya ce yakan sha biyu kafin ya tafi gona, jikinsa ya saki. Mutumin da zai ƙi zama kusa da kwalbar Star ko da za a ba shi kujerar Makka, ga shi yana shan abin da ya fi ta ƙarfi da asuba. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Malik al-Ash'ari cewa Annabi (SAW) ya ba da labarin wasu mutane daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiranta da wani suna. Kuma da Ɗariƙ ɗan Suwaid ya ce shi don magani yake yin ta, amsar da ya samu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ita ce cuta ce, ba magani ba.

Hukumar NAFDAC ta sanar a farkon 2024 cewa wa'adin da ta ba kamfanoni na daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba ya cika ranar 31 ga Janairu, kuma dalilin da ta bayar shi ne arha da sauƙin ɓoyewa sun sa abin ya kai hannun yara. Kamfanoni suka yi ca, aka yi ta ja-in-ja, ledar kuwa ba ta ɓace daga tire ba. Mun ga irin wannan a kan kodin, wanda aka hana a watan Mayun 2018 amma bai bar unguwanninmu ba. Ina ganin a nan ne Hisba da masu unguwanni da shugabannin tasha ya kamata su sa ƙarfinsu. Fasa kwalabe a bainar jama'a, kamar yadda Hisbar Kano ta yi wa kusan miliyan biyu a watan Nuwamban 2020, yana da nasa tasiri, amma ɗan acaɓan Ƙanƙara ba kwalba yake saye ba.

Wani abu kuma da ya wajaba a faɗa a nan: a kudancin Katsina muna da maƙwabta Maguzawa da Kiristoci, waɗanda burkutu ya daɗe a cikin bukukuwan wasunsu da gayyar nomansu. Muna tare da su a kasuwa da gona, kuma bala'in daji bai bambance mu ba. Wannan rubutu ga Musulmi yake magana. Ba izini ba ne ga wani matashi ya ɗauki sanda ya nufi gidan kowa. Hana mummuna da hannu aikin hukuma ne. Abin da yake namu shi ne Musulmin da ke saɗaɗawa can da dare ya san cewa canjin unguwa ba ya canza hukunci.

Matan gida sukan yi tambaya a kan kunun zaƙi da zoɓo da suka kwana. Tsami kaɗai ba maye ba ne, in ba haka ba da nono da fura sun haramta. Ibnu Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a ba wani ko a zubar. Ma'aunin shi ne idan abin ya fara tashi yana kumfa da kansa, warinsa ya juya, har ana zaton mai yawansa zai juya kai, to a zubar. A zafin bazara wannan yakan zo da wuri. Lemunan malt irin su Maltina kuwa, da yake ba a bar su sun zama barasa ba kuma ba sa sa maye komai yawansu, ba na haramta su. Wanda ya bar su saboda ba ya son kuɗinsa ya shiga aljihun kamfanin da ke yin giya, ya yi tsentseni mai kyau, amma kada ya mayar da tsentseninsa fatawa a kan jama'a.

Yanzu sai tambayar dattijo, wadda ita ce mafi nauyi a wurina, domin ta shafi abincin iyali. Yadda dawarmu ta shiga wannan harka yana da tarihi. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, ya kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Shekaru da dama da sha'ir na ƙasashen waje ake aiki. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai kamfanonin suka koma kan dawa da masara. Ko bayan an sassauta hanin ba su saki dawa ba, saboda ta fi arha kuma ba ta buƙatar dala. Har masana'antar tsirar da dawa aka gina a Aba a 2008. Dawar nan kuwa ba a Aba ake noma ta ba. Daga Arewa take tafiya, kuma yankin Funtuwa na cikin rumbunan ƙasar nan.

Hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma da la'ana ta hau kansu a kan giya, kuma mashayi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran su ne mai matsa ta da wanda aka matsa wa, mai ɗauka da wanda aka kai wa, mai zubawa, mai sayarwa da mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. A kan wannan, da kuma ayar farkon Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo, malaman Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, ko da yake inabin kansa halal ne. Wannan shi ne toshe kafar ɓarna, kuma dawa ba ta da wani hukunci dabam.

Amma a lura da kalmar sani. Manomin da ya kai buhunsa kasuwar Ɗandume ko Yankara ya sayar wa wanda ya taya, babu komai a kansa. Dawa abinci ce, mafi yawanta tuwo da kunu da abincin dabbobi take zama, kuma shari'a ba ta ɗora masa bin tirela har inda za ta sauke ba. Wanda ya ce sai kowane manomi ya rantsar da mai saye, ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata. Hukuncin yana canzawa ne idan sanin ya tabbata ko zato ya yi rinjaye: an zo da takarda mai sunan kamfanin giya, ko dillali ya faɗa da bakinsa, ko an ba ka wani iri na musamman an ce shi masu giya ke so. A nan ba na ganin halaccin shiga. Na san za a ce kamfanonin nan suna yin lemun malt da dawar, kuma haka ne. Idan mai saye masana'antar abinci ce ko ta lemu zalla, babu laifi. Idan kuwa kamfani ɗaya ne mai tukunya biyu, kuma giya ce babbar sana'arsa, ba ka da hanyar cewa buhunka ga tukunyar halal zai tafi. Dillalin da ke tara wa irin wannan kamfani kai tsaye ya fi manomi kusa da hadisin, domin shi ya san inda kaya za su.

Ban faɗi wannan da sauƙin zuciya ba. Dattijon da ya tambaye ni ya bar gonarsa ta nesa shekara uku saboda tsoro, abin da yake nomawa a bayan gari bai kai rabin na da ba, kuɗin taki kuwa kowa ya san inda ya kai. Mutumin da ke cikin wannan hali aka zo masa da iri da taki bashi, sannan malami ya ce masa kada ya karɓa, yana da haƙƙin ya tambayi malamin: to me zan karɓa? Mu masu hawa mumbari mun iya cewa haramun, amma ba mu cika zama da attajiran garuruwanmu mu ce su fito da madadin ba. Musulunci yana da cinikin salam, inda mai kuɗi ke biyan manomi tun kafin shuka a kan sanannen awo da sanannen lokaci, kuma Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yi ya tabbatar da shi da waɗannan sharuɗɗa. Manyan 'yan kasuwar hatsi na Funtuwa da Ɗandume da Dawanau, da masu kamfanonin abincin kaji da na gari, da kwamitocin zakka na masallatanmu, za su iya yin wannan da manoman Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara a kan farashin adalci, ba irin bashin kaka da ake karɓar buhu biyu a kan kuɗin ɗaya ba.

Na ce wa dattijon ya koma ya tambayi dillalin kai tsaye, a gaban shaidu, sunan kamfanin da abin da yake sarrafawa. Idan na abinci ne, ya karɓa da albarka. Idan na giya ne, ko dillalin ya ƙi faɗa, ya bari. Na kuma yi masa alkawarin zan kai maganarsa ga wasu 'yan kasuwa biyu da ke sallar Juma'a tare da mu, kafin ruwan shuka ya sauka.